Zaɓen Rana don Idon Inna

Ina tsakiyar karatun digirin dokta a Faransa lokacin da yayata ta kira ni ta ce in taho gida, idon Inna ya kusa rufewa.

Abin da nake karantawa shi ne yadda sararin samaniya yake faɗaɗa, da yadda taurari suka taru garke-garke suka watsu a cikinsa. In na faɗi haka sai mutane su zaci a kan dutse nake kwana ina leƙen sama da madubi. Ina fa! Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, ba taga, kowa ya sa kwamfuta a gaba. Na'urar da ke ɗauko mana hotunan sama tana can kan wani tsauni a ƙasar da ban taɓa takawa ba. Lambobi kawai take turo mana, ni kuma in zauna ina tsintar su kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Taurarin da na gani da idona a tsakar gidanmu na Malanville ina yaro sun fi waɗanda na gani tun da na fara karatun taurari.

Malamin da ke duba aikina mutum ne mai ƙwaƙwalwa, ban hana masa ba, amma in ka kai masa aikin da ka kwana biyu kana yi sai ya dube shi kamar an miƙa masa tuwon jiya, ya ce a sake. Abokan karatuna kuwa in an tashi aiki kowa da abin da yake kira hutu. Wani ya je ya hau bangon da aka kakkafa wa duwatsun roba, ya kai sama ya sauko bai tsinko komai ba. Wata ta yi ta gudu a bakin kogi ba abin da ya koro ta. Akwai wanda yake kiwon ƙullun burodi a kwalba, yana ba shi gari safe da yamma kamar jariri, har suna ya raɗa masa. Su ne kuma suke karkata kai su tambaye ni, da muryar tausayi, wai a ƙauyenmu da wane suna kakanni suke kiran taurari, ko akwai wani sirri da tsofaffinmu suka sani wanda kimiyya ba ta sani ba. Sai in ce musu garinmu ba ƙauye ba ne, kasuwa ce da manyan motoci ke sauke kaya dare da rana, kuma kakana albasa ya sani.

Ni abin da raina yake so tattabaru ne. Tun ina firamare na fara kiwonsu a bayan ɗakin Inna, cikin tsofaffin tukwane da na jera a kan rumfa. Ina da masu tukku, ina da masu gashi a ƙafa, amma farare su ne abin alfaharina. Na san wadda ke ƙyanƙyashe ƙwanta tsaf da wadda ke tashi ta bar shi ya yi sanyi, na san namijin da ba ya zama gida. A Faransa ba inda zan sa su, ɗakina ma ni kaɗai da ƙyar yake ɗauka. Tattabarun titinsu kuwa ƙazamai ne marasa zuciya, suna bin ƙafar mutane suna tsintar guntun burodi, ko tashi ba su iya da kyau ba. Duk da haka ranar Lahadi nakan zauna a benci in watsa musu hatsi ina zaginsu. Yayata takan turo min hoton nawa na gida a waya lokaci-lokaci. Daga baya ta daina, na ɗauka hidima ce ta yi mata yawa.

Ranar da ta kira, muryarta ba wasa.

Ta ce, "Auta, ka taho. Inna ta bar gane mutane sai da murya."

Na ce, "Ba tun bara anka ce a kai ta Parakou a yi mata aiki ba?"

Ta ce, "Kawu ya ce rana ba ta yi ba."

Yanar ido ce ta rufe wa Inna ido biyu, irin wadda likita ke cirewa mutum ya koma gani. Tun bara wani likita a garinmu ya duba ta ya ce a kai ta asibitin ido a Parakou, kada a ja lokaci. Abin da za a kashe ba shi ne matsala ba, an tanada. Duk lokacin da na tambaya sai a ce min ana shiri, ni kuma in koma cikin lambobina.

Na iso Malanville da zafin rana, mai babur ya sauke ni a ƙofar gida. Gidan na Kawu ne, yayan Inna, a nan muka tashi tun rasuwar mahaifinmu. Na tarar da ita zaune a tabarma a inuwar ɗaki, tasbaha a hannu, fuskarta na kallon inda ba kowa. Na yi sallama ta juyo wajen muryata amma ta kauce kaɗan, tana yi wa turmi murmushi. Ta lalubo kaina ta shafa, ta shafa kunnuwana, ta ce, "Auta, kai na?" Idon dama ya yi fari fat kamar an ɗiga nono a ciki. Na hagu da sauran duhu-duhu. Wannan matar ita ce take zura zare a allura da magariba ba fitila, ita ce take hango ƙaryata tun daga zaure. Na tashi na ce zan gaida tattabaruna.

Rumfar tana nan, tukwanen suna nan, amma shiru. Na leƙa wannan tukunya ba kowa, na leƙa waccan sai busasshen kashi. 'Yan baƙaƙe da masu toka-toka ne suka rage suna yawo a kan katanga. Cikin farare kuwa, ma'aurata biyu kaɗai na gani, mace da mijinta, waɗanda na bari suna 'yan shila.

Yayata ta zo ta tsaya a bayana. Ban tambaye ta ba ta fara bayani. Akwai wani mai bugun ƙasa a bayan kasuwar shinkafa, wajen gangaren kogi, wanda Kawu ba ya ɗaura ɗamara sai ya ji daga bakinsa. Duk lokacin da aka sa ranar tafiya Parakou, Kawu zai je wurinsa. Shi kuma ya baza yashi a faifai, ya zana, ya share, ya girgiza kai, ya ce tauraron Inna yana ƙasa, in ƙarfe ya taɓa idonta a wannan wata ba za ta sake ganin haske ba. Sai a yi sadakar farar tattabara biyu a jira wata mai zuwa. Wata mai zuwa ya zo, tauraro bai tashi ba, a sake kamo biyu. Haka tattabaruna suka bi juna zuwa tukunyar matarsa. Tauraron uwata yana kwance, shi kuma yana shan romo.

Yadda Kawu ya shiga hannun mutumin nan kowa a kasuwa ya sani. Kawu babban ɗan kasuwar albasa ne, yana saye daga manoman Garou da na ƙetaren kogi yana lodi zuwa kudu. Wata shekara mai bugun ƙasan ya ce kada ya yi lodi ranar, ya ƙi ji, motar ta kife bayan Guéné albasa ta watse a titi. Direban ya kwana biyu bai runtsa ba kuma tayoyin sun suɗe kamar tafin hannu, amma wannan ba ya cikin labarin da Kawu yake bayarwa. Tun daga ranar ya miƙa wuya. Kuma kada ka zaci jahili ne. A sahun gaba yake salla, yana jin liman yana cewa zuwa wurin masu duba haramun ne, ya gyaɗa kai ya ce "gaskiya na," a idar da salla ya sa takalmi ya miƙe gangaren kogi.

Washegari da hantsi na same shi a rumfarsa. Buhunan albasa sun kai rufi, warinsu na hawa kai, 'yan dako na shiga suna fita, shi kuwa yana kan kujerar roba da waya biyu a cinya. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Ya yi murna da ganina ƙwarai, ya kira maƙwabtan rumfa ya ce su zo su ga ɗansa mai karatun taurari a ƙasar Turawa.

Da suka watse na kawo maganar. Na yi masa bayanin yana, na ce abu ne da ke ƙara tauri kullum, kuma in ta daɗe tana iya kashe idon gaba ɗaya. Na ce aikin ba ya ɗaukar lokaci, tsofaffi da yawa an yi musu sun koma sana'arsu.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Duk na ji. Ai shi na munka ce ka taho. Kai da taurari kaka karantawa, ka diba muna. In naka ya zo daidai da na malam, sai a tahi."

Na ce, "Kawu, ba irin wanga karatu nika yi ba. Taurarin ga ba su san Inna ba, ba su san kowa ba. Wuta ta kawai, can nesa. Wasunsu ma sun mutu tun ba a yi duniya ba, haskensu na ke isowa yanzu."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "To mi na amfanin karatun? Shekara da shekaru kana can, ba ka iya hwaɗa muna ko ranar tahiya?"

Na ce, "Ranar tahiya ita ta ranar da likita shika aiki."

Ya yi dariya, ya ce, "Yaro man kaza. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba shi hango shi." Ya ɗauki waya ya shiga cinikin albasa da wani a Cotonou.

Ni da nake auna hasken da ya taso tun kafin a yi rana da wata, ni ake wa maganar rimi. Na fito ina huci, na ratsa kasuwar doya da ta gwanjo ban ga kowa ba, har wani mai babur ya kusa kwashe ni ya zage ni da yaren Dendi na rama.

A gida na ce wa yayata mu ɗauki Inna kawai mu sa a mota, wa zai tare mu? Ta ce in je in gwada. Na je na zauna kusa da Inna na lallaɓa ta. Ta ce, "Auta, ido ba abin wasa ba na. In na tsallake maganar yayana wani abu ya hwaru, da wane baki zan yi magana cikin gidan ga?" Tsoron wuƙa take ji, kuma mai bugun ƙasa ya ba tsoron nata gindin zama. Ta ƙara da cewa idon dama ya yi mata wani irin ciwo watannin baya, ya yi ja, kai kamar zai tsage, har amai ta yi, amma malam ya ba da rubutu an wanke da shi, yanzu ya lafa. Ni ba likita ba ne, amma na san idon da ya yi irin wannan ciwo ya yi shiru ba lafiya ya samu ba.

Yayata ta ja ni bayan ɗaki, wajen tukwanen da ba kowa. Ta ce, "Kai dai ka hwaɗi rana mana. Mi za shi rage ka? An ce ka diba, ka buɗe injin naka ka diba."

Na ce ni ba boka ba ne.

Ta ce, "Awo, kai babban malami na. Ni kuwa ni ka riƙe hannunta in kai ta bayan gida. Ka zauna nan da girmanka."

Da yamma na kira asibitin, suka ce likitan yana aiki ranar Talata, in an kawo ta Litinin za a duba ta a shirya ta. Na ce su rubuta mu.

Na aika wa Kawu cewa na yi tunani, zan duba. Ya zo bayan la'asar cikin babbar riga, kuma bai zo shi kaɗai ba, ya taho da mai bugun ƙasan don a gwada a gani. Ranar na fara ganin mutumin. Gajere ne mai sheƙi, kumatunsa sun cika, da baƙin tabarau da zobba a yatsu. Na dubi kumatun nan na ga tattabaruna. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, na ɗauko kwamfutata na ajiye a kan kujerar tsuguno, na sa hula don abin ya yi kyau.

Na san yadda suke yi, kowa da ya tashi a garin nan ya sani. Na tambayi sunan Inna da sunan mahaifiyarta, kamar ban sani ba, na buga su a hankali da yatsa ɗaya. Na tambayi ranar da aka haife ta, Kawu ya ce Alhamis ce, shekarar da kogi ya yi ambaliya. Na gyaɗa kai kamar abin ya yi daidai da zatona. Sannan na buɗe wata taswira ta garkunan taurari, ɗige-ɗige ja da shuɗi a kan baƙin fili. Wannan taswirar ita ce malamina ya dawo min da ita kafin in taso, ya ce lissafinta duk a karkace yake, ba ta da amfanin komai. Ga shi ta samu aiki a zauren Kawu.

Na juya ta, na matso da ita, ɗige-ɗigen suka yi ta shawagi. Kawu ya miƙo wuya bakinsa a buɗe. Na zaɓi wani jan ɗigo na sa yatsa a kai.

Na ce, "Ga tauraron Inna nan. Malam ya yi gaskiya, ya daɗe shina ƙasa. Amma ya hwara tashi. Litinin mai zuwa a kama hanya, Talata ƙarhe ya taɓa ido. In anka wuce Talata ga, ya koma ƙasa, ba shi sake tashi sai bayan shekara bakwai."

Shekara bakwai ɗin na ƙara ne don in toshe ƙofar wata mai zuwa. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi, ina jin kamar abokan karatuna suna leƙe ta taga, amma muryata ba ta yi rawa ba. Ashe sana'ar ba ta da wuya, abin da take buƙata kawai fuskar da ba ta dariya.

Kawu ya juya wajen malaminsa. Mutumin ya cire tabarau ya leƙa allon kwamfutar, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago ya dube ni, na dube shi. Ya san ƙarya nake, na san ya sani, kuma ya san in ya ƙaryata injin Turawa a gaban Kawu to wataƙila shi ne zai faɗi. Ya zaro ɗan faifansa ya baza yashi, ya zana, ya share, ya sake zanawa.

Ya ce, "Alhaji, abin da yaron ga ya gani, shi na ni ma na gani tun shekaranjiya, ina jiran in tabbatar. Talata ta. Sai dai a kore ƙaiƙayin hanya da sadaka. Hwarar tattabara biyu, mace da namiji."

Kawu ya ce, "Allahu akbar! Ilimi biyu sun haɗu."

Ni na je na kamo su da hannuna. Macen ba ta ko yi yunƙurin tashi ba, ta saba da hannu, ta kwanta a tafina zuciyarta na bugawa. Na ɗaure musu ƙafa da tsumma na kawo zaure na miƙa masa. Ya auna nauyinsu a hannu kamar mai sayen kaza a kasuwa, ya ce Allah ya yi albarka, ya sa su a aljihun babbar rigarsa ya fita. Na so in tofa masa yawu a ƙeya, amma na raka shi har ƙofa na ce ya gaida gida.

Litinin da sassafe muka shiga mota, ni da Inna da yayata. Kawu ya rako mu tasha yana gaya wa duk wanda ya gani cewa ɗansa ne ya ciro ranar daga cikin inji. Da muka yi nisa da Guéné Inna ta tambaya ko mun wuce inda albasa ta zube, aka ce mun wuce, ta yi hamdala. Sauran hanyar ta yi ta jan tasbaha, hannunta ɗaya a kan gwiwata, ba ta ci komai ba sai ruwa.

Likitan mace ce, 'yar siririya, ba ta da yawan magana. Ta haska idon hagu ta ce wannan za a yi gobe, tana sa ran zai buɗe. Ta haska na dama ta daɗe, ta auna shi da wata na'ura, ta tambayi Inna ko tana ganin hasken fitilar. Inna ta ce wace fitila. Likitan ta juyo wurina ta yi magana da Faransanci, wanda Inna ba ta ji. Ta ce yanar ta wuce nuna, ta kumbura ta toshe idon, ruwa ya taru ya matse jijiyar gani har ta mutu. Ciwon nan da ta yi watannin baya, lokacin ne. Ko an cire yanar yanzu ba abin da zai dawo. Ta ce da an kawo ta bara, da aiki ne mai sauƙi kamar na hagun. Sannan ta tambaye ni abin da ya hana mu zuwa.

Me zan ce mata? In ce muna jiran tauraro ya tashi? Ta tambaye ni aikina tun da farko na gaya mata. Na ce hidimomi ne suka yi yawa.

Inna ta ce, "Mi ta ce?"

Na ce, "Ta ce gobe za a hwara da na hagu."

Na fita harabar asibitin na kira Kawu, raina a ɓace, ina so ya ji abin da jiransa ya jawo. Na gaya masa komai dalla-dalla: ido ɗaya ya mutu, kuma likita ta ce da an zo bara da an cece shi. Ina jin hayaniyar 'yan dako a bayansa.

Ya ce, "Inna lillahi. To ka gani? Malam ya hwaɗi. Da mun yi gaggawa mun kai ta bara tauraro na ƙasa, da duka biyun sun tahi. Allah ya sa munka jira."

Na kashe wayar. Akwai mutumin da ko ka kai shi gaban rana tsaka ka ce ga ta, sai ya ce bari ya tambayo. Na zauna a kan wani dakali ina kallon tsofaffi ana jan su da sanda ana shiga da su, ina tunanin nawa ne cikinsu aka zaunar a gida ana jira musu rana.

Talata aka yi aikin. Bai daɗe ba aka fito da ita da auduga a ido, tana cewa ashe ba zafi, ashe abin da aka yi ta tsoro ke nan. Washegari da safe wata ma'aikaciya ta zo ta ɓare audugar a hankali, ta goge gefen idon, ta ce ta buɗe. Inna ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, hawaye na zuba. Ta ɗaga hannunta ta duba tafin, ta juya ta duba bayan. Ta dubi zanen yayata ta ce, "Wanga zane ai nawa na." Yayata ta fashe da kuka tana dariya.

Sannan ta juyo wurina, wannan karon daidai inda nake. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Auta, hurhura ta a gemunka? Kai da anka haihwa jiya?" Ta kamo haɓata ta juya ni dama da hagu, ta ce na rame, ta ce abincin Turawa ba ya karɓa ta. Ta dubi taga, ta dubi fankar da ke juyawa, ta dubi tsohuwar da ke gadon kusa ta gaishe ta kamar yau suka haɗu. Tun rasuwar mahaifinmu ban ga fuskarta haka ba.

Can ta sa yatsa ta taɓa ƙasan idonta na dama, ta ce, "To, Allah shi yi maka albarka, ranarka ta yi kyau. Yanzu buɗe injin ka diba muna ranar da za a buɗe wanga."

Yayata ta sunkuyar da kai. Jakar kwamfutar tana nan jingine da ƙafar gado, kuma da na so da na ciro ta na nuna mata wani ɗigo na ce baɗi. Amma yanzu tana ganin fuskata.

Na ce, "Inna, wanga ranarshi ta wuce. Tun bara ta."

Ta rufe idon hagu da tafin hannunta, ta juya fuska wajen taga inda rana take shigowa, ta zauna haka tana jira ko na daman zai ga wani abu. Ma'aikaciyar ta dawo da maganin ɗigawa ta ce a cire hannu daga ido, ba a taɓa inda aka yi aiki. Inna ta sauke hannun ta ajiye a cinya.